Darasi na Tara: Raya Furanni da Shuke-shuken Gida a Lokacin Bazara

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana abin da yake kashe shuka a bazara.
2. Yin ban-ruwa a kan lokaci kuma daidai gwargwado.
3. Kare saiwar shuka daga zafi da kayan da suke cikin gida.
4. Zaɓar furannin da suka dace da yankinmu.

Gabatarwa

A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura na Jihar Jigawa, da zarar sanyin hunturu ya ja da baya a ƙarshen Fabrairu, sai zafi ya fara hauhawa. Watannin Maris da Afrilu da Mayu su ne bazara. A cikin Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ya zarce. Ruwan sama kuma ba ya zama sosai sai wajen Yuni. A wannan tsakani rijiyoyi suna ja ƙasa, layi yana tsawo a bakin burtsatse, 'yan garuwa kuma sukan ƙara wa jarka kuɗi.

A cikin waɗannan watanni ne gidaje da makarantu da masallatai suke asarar furanni da ƙananan itatuwan da suka dasa da damina. Mutum ya sayi dashe, ya yi ta wahala da shi wata bakwai ko takwas, sai ya bushe ana saura kwanaki kaɗan ruwa ya sauka. Da yawa sukan ce rashin ruwa ne, alhali kullum suna zuba ruwan. Abin da wannan darasi yake koyarwa shi ne: shuka daga saiwa take rayuwa, daga saiwa kuma take mutuwa. Wanda ya ajiye saiwa cikin sanyi da danshi zai fitar da shukarsa daga bazara da ruwa kaɗan. Wanda ya bar saiwa a zafi, ko nawa ya zuba ba zai ishe ta ba.

Yadda Zafi Yake Cutar da Shuka

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yawancinsu a bayansa. Ta nan ruwan da saiwa ta jawo yake fita ya zama tururi, kuma fitarsa ce take sanyaya ganyen. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha ta wannan hanya yake tafiya. Idan rana ta yi ƙarfi, iska kuma busasshiya ce, ganye yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa take iya kawo masa. Shi ne sai ku ga ya yi yaushi.

Yaushi iri biyu ne, kuma dole a bambanta su. Akwai yaushin tsakar rana: ganye ya lanƙwashe da azahar, amma da magariba ko da safe ya miƙe. Wannan ba ƙishirwa ba ce, shuka ce take kare kanta, kuma ba ta bukatar ƙarin ruwa. Akwai kuma yaushin da yake kwana: gari ya waye ganye yana nan a lanƙwashe. Wannan shi ne abin damuwa. Ko dai ƙasa ta bushe, ko kuma saiwa ta lalace.

Saiwa takan lalace ta hanya biyu. Ta farko zafi: baƙar roba ko gwangwanin da rana take duka yana ɗumama ƙasar cikinsa har ƙananan saiwoyin da suke jikin bango su mutu. Ta biyu yawan ruwa: saiwa tana bukatar iska, idan ƙasa ta zauna a jiƙe sharkaf kwana da kwanaki sai ta ruɓe. Shukar da saiwarta ta ruɓe ita ma yaushi take yi, mai ita ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Ku San Ƙasarku

Ƙasar yankin nan ba iri ɗaya ba ce. A wajen Babura, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, rairayi ya fi yawa. Rairayi yana shanye ruwa nan take, ya kuma sake shi nan take. Maganinsa ruɓaɓɓen taki, domin shi ne yake riƙe danshi. A wasu sassan Kazaure da Roni akwai duwatsu da tsakuwa da marmara. Irin wannan ƙasa ba ta da zurfi kuma tana riƙe zafi, saboda haka sai an haƙa rami mai faɗi an cika shi da ƙasa mai kyau kafin a dasa. A fadamu kuma, kamar na kewayen madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, akwai laka. Laka tana riƙe ruwa, amma idan aka zuba ta ita kaɗai a tukunya takan daskare ta tsage. Sai an gauraya ta da yashi.

Haɗi mai sauƙi na cikin tukunya shi ne: kwano 2 na ƙasar gona, kwano 1 na taki da ya ruɓe sosai, kwano 1 na yashi. Idan ƙasar gonar da ma rairayi ce, a bar yashin a ƙara taki. Kowace tukunya ko bokiti ko baho dole a huda gindinsa domin rarar ruwa ta fita.

Ban-ruwa: Yaushe, Nawa, Ta Yaya

Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, daga bayan sallar asuba zuwa fitowar rana. Ƙasa ta huce, ruwa zai shiga ciki kafin rana ta ɗauke shi, shuka kuma za ta shiga zafin yini a ƙoshe. Idan safiya ba ta samu ba, sai bayan la'asar sakaliya. Ƙananan tukwane a tsakiyar Afrilu sukan bukaci ruwa safe da yamma. A shekarun da azumi ya faɗo cikin zafi, bayan sahur lokaci ne da ya dace da mai ban-ruwa da shukar baki ɗaya.

Kafin ku zuba, ku gwada. Ku tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan akwai danshi, ku dakata. Idan a bushe take, ku ba ta ruwa.

Idan za a ba da ruwa, a ba da shi sosai. Yayyafi a sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a saman ƙasa, inda zafi ya fi tsanani. Ruwa mai yawa da ya nutse yana jan saiwa ƙasa inda sanyi yake. A tukunya, ku zuba a hankali har ku ga ya fara ɗigowa ta ƙasa. Ga shukar da take a ƙasa, ku yi mata gurbi kewaye da gindi, ku cika, ku bari ya tsotse, ku sake cikawa. Gara a yi haka bayan kwana biyu ko uku da a riƙa yayyafi kullum.

A gindi ake zuba ruwa, ba a kan fure ba. Kada kuma a yi amfani da ruwan da ya yini a rana cikin baƙar jarka ko tiyo sai ya huce, domin yana iya dafa saiwa.

Ruwan da Ake Zubarwa

Kowane gida yana zubar da ruwan da zai iya raya tukwane da dama. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa ko gero ko wake, ruwan wankin alayyafo da tumatir, da ragowar ruwan randa idan za a wanke ta, duk sun dace. Ajiye baho a wurin alwala kaɗai zai tara abin da ba a zata ba. A masallaci da makarantar Islamiyya ana iya jan ɗan lambatu daga wurin alwala zuwa gindin itatuwa.

Ruwan da ba a so shi ne mai gishiri ko kanwa, mai maiƙo, mai bilic, da ruwan wanki na farko mai yawan omo. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ana iya ba manyan itatuwa, amma ba ƙananan tukwane ba, ba kuma ganyen da za a ci ɗanye ba. Kada a ajiye irin wannan ruwa ya kwana biyu a buɗe, saboda wari da sauro.

Idan kuka ga fari-fari kamar gishiri a saman ƙasa ko a bakin tukunya, gishirin ruwa ne ko na takin zamani ya taru. Ku kankare shi, ku zuba ruwa mai kyau da yawa ya bi ta ƙasa ya fice.

Rufe Gindi

Ƙasar da take a buɗe tana ƙonewa kuma tana sakin ruwa da sauri. Rufe ta shi ne aiki mafi arha kuma mafi amfani a duk wannan darasi. Ana rufewa da ƙaiƙayin gero, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, busasshiyar ciyawa, yankakken karan dawa, ko busasshen ganyen darbejiya. Kaurin rufin ya kai kamar yatsu uku, wato wajen santimita 5. A jiƙa ƙasa tukuna sannan a rufe. A bar ɗan fili tsakanin rufin da jikin shuka don kada gindin ya ruɓe.

Gara tana son kara da ciyawa, saboda haka a riƙa ɗaga rufin ana dubawa lokaci zuwa lokaci. Inda gara ta yi yawa, a yi amfani da fasassun katanga na tsohuwar tukunya a jera a kan ƙasa.

Inuwa da Mazauni

Yawancin furanni suna son rana, amma ranar safe ce take musu amfani. Ranar da take cutarwa ita ce ta azahar zuwa la'asar. Saboda haka a bazara a mayar da tukwane gefen gabas na ɗaki ko katanga, inda inuwa za ta rufe su bayan rana ta karkata, ko kuma ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro.

A nisanta su daga bangon siminti mai kallon yamma da kuma ƙyauren ƙarfe, domin suna ci gaba da fitar da zafi har dare. Daɓen siminti na baranda shi ma haka yake. A ɗora tukunya a kan katako ko bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. A kuma tara tukwane wuri ɗaya, manya a waje ƙanana a tsakiya, su yi wa juna inuwa.

Shukar da ba ta ɗaukuwa sai a yi mata rumfa. Sanduna huɗu da zana, ko asabari, ko tsohon gidan sauro da aka ninka sun isa. Rumfar ta kasance sama da shukar, gefe a buɗe, don iska ta wuce. Kada a rufe shuka da leda, zafi take tarawa.

Dabaru Biyu na Tukunyar Ƙasa

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ko siminti ba tana tsattsafo da ruwa ta jikinta. Daga nan aka sami dabaru biyu.

Ta farko ita ce tukunya cikin tukunya. A cikin shekarun 1990 wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa hanyar adana kayan lambu ba tare da lantarki ba: a saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunyar, sai ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki inda iska take a bushe, kamar yadda take a yankinmu da bazara. Mai fure zai iya aron ta: ya saka robar furensa cikin babbar tukunyar ƙasa, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Babbar ma a huda gindinta.

Ta biyu ita ce binne tulu. Ana binne tulu ko ƙaramar tukunya har wuya a tsakiyar fangali, a cika da ruwa, a rufe bakin da murfi saboda sauro da ƙura, a yi shuka kewaye da shi. Ruwa zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta samun sa. Idan ƙasa ta bushe ya fi fita, idan tana da danshi ya ragu. An rubuta wannan dabara a ƙasar Sin tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sai a riƙa leƙawa, idan ruwa ya yi ƙasa a cika.

Wanda ba shi da tulu ya sami gorar roba, ya huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku a ƙasanta da allura mai zafi, ya binne ta kusa da gindi. Wannan yana taimakon mai shirin tafiya ta 'yan kwanaki, amma a gwada kafin ranar tafiya don a san yadda ruwan yake ƙarewa.

Abubuwan da Ake Jinkirtawa

Bazara ba lokacin neman girma ba ne, lokacin tsira ne. Kada a zuba takin zamani, musamman yuriya, ko ɗanyen kashin kaji, domin suna ƙona saiwar da take cikin ƙishirwa. Kada a yi dashe ko canza tukunya sai ruwa ya zauna. Kada a yi sassabe mai yawa, domin ganyen sama shi ne inuwar na ƙasa. Abin da ake cirewa shi ne busasshen fure da mataccen reshe. Idan furen ya yi iri, a tattara a shanya a inuwa, a ajiye a takarda don damina.

Dabbobi da Ƙwari

Da rani awaki da tumaki a sake suke, kuma duk wani kore a unguwa shi suke nema. Kaji kuma suna tone ƙasa mai danshi su kwanta. A kewaye shuka da kara ko ƙaya ko jerin bulo mai ƙofofi.

Ƙura da zafi suna kawo wasu ƙananan ƙwari jajaye masu yin siririyar yana a bayan ganye, sai ganyen ya yi ɗige-ɗige ya koɗe. Akwai kuma darɓa, da wani farin ƙwaro mai kama jikin reshe. A wanke bayan ganye da ruwa da yamma sau ɗaya ko biyu a mako. Idan abin ya yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, a jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana, a tace, a fesa bayan rana ta yi sanyi.

Zaɓen Iri

Rabin wahalar bazara daga zaɓe take farawa. Furen da aka yi renonsa a wuri mai sanyi kamar Jos yana da kyau a ido, amma da wuya ya jure Afrilu a Gwiwa. Ga waɗanda suka tabbata a ƙasa irin tamu:

- Kariya: tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, tana kuma yin fure mai launin ja-ja da rani. Ruwa kaɗan take so. Ƙaronta guba ne, a nisanta ta daga yara da dabbobi.
- Lalle: yana jure fari, furensa yana da ƙanshi, ganyensa kuma na ƙunshi ne.
- Bogenbiliya: asalinta Kudancin Amurka. Idan ta kama ƙasa, ƙarancin ruwa ma ƙara mata fure yake yi.
- Binka: asalinta tsibirin Madagaska. Tana fure fari ko ja-ja kusan duk shekara, ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ba a cin ta.
- Alobera: ganyenta cike yake da ruwa. Tana son inuwar yamma.
- Zogale: ga inuwa mara nauyi ga ƙananan furanni, ga abinci.

Na'a-na'a da ɗoɗɗoya ba su kai waɗannan juriya ba. A ajiye su kusa da randa ko wurin alwala, inda inuwa da danshi suke.

Ceto Shukar da Ta Galabaita

Kada a yi saurin tuge shuka don ta zubar da ganye. A kankare ɓawon reshe da farce. Idan ƙarƙashinsa kore ne, tana da rai. A kai ta inuwa. Idan ƙasar ta ƙame har ruwa yana bi ta gefe yana zubewa, a tsoma tukunyar cikin baho mai ruwa na kamar rabin awa, a ciro ta ta tsane. A yanke abin da ya mutu, a rufe gindi, kada a sa taki. Idan kuwa ƙasar a jiƙe take tana wari, a daina ban-ruwa, a buɗe ƙofar gindin, a bari ta sha iska.

Daf da faɗuwar damina akan yi iska mai ƙarfi da ƙura. A kafa wa dogayen shuke-shuke sanda, a ƙara ɗaure rumfa, a sauke tukwanen da suke kan katanga.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin yaushin tsakar rana da yaushin da yake kwana?
2. Me ya sa ruwa mai yawa bayan kwana biyu ya fi yayyafi kullum ga shukar da take a ƙasa?
3. Kawo irin ruwa uku na cikin gida da suka dace da shuka, da biyu da ba su dace ba.
4. Bayyana yadda ake binne tulu don ban-ruwa.
5. Malama tana da tukwane 6, kowacce tana shan lita 2 a rana. Jarkarta tana cin lita 25. Kwana nawa jarka ɗaya za ta yi mata, kuma lita nawa zai rage?

Aikin Gida

Ku sami tukwane biyu masu girma ɗaya da ƙasa iri ɗaya. Ku ba su ruwa daidai da juna, ku ajiye su wuri ɗaya. Ku rufe saman ɗaya da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, ku bar ɗayar a buɗe. Kowace safiya ku gwada da yatsa, ku rubuta abin da kuka ji a littafinku har mako guda, ku kawo sakamakon aji.

Kammalawa

Jigawa tana cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da suke fuskantar gurgusowar hamada, kuma suke cikin shirin kafa katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Dasawa ba ta da wuya, kowa yana iyawa da damina. Raya abin da aka dasa har ya ƙetare Maris da Afrilu da Mayu shi ne aikin, kuma hannun da ya iya raya fure a tukunya shi ne zai iya raya bishiya a gona da bakin hanya. Ya ku iyaye maza da mata, kada ku jira zafi ya kama. Tun a Fabrairu ku tanadi taki da ƙaiƙayi da zana, ku zaɓi wurin inuwa, ku kuma koya wa yaranku da maƙwabtanku abin da kuka koya a wannan darasi.